Kafson da na zuba wa jikana a ƙafa

A lokacin ni tsohuwa ce mai awaki a unguwar Sersouf ta Tamanrasset, mutuniyar Damagaram. Ban taɓa taka ƙofar lekkol ba, wato makarantar boko, wannan ma bakina ake rubutawa. Jikana ne ya ɗauko ni ya kawo ni Tamanrasset, shi yana aikin gini, ni ina kiwo. A unguwarmu kuwa kafso mai ja da ruwan ɗorawa shi ne maganin komai. Akuya ta yi zawo, a fasa mata a ruwa. Kaza ta yi lanƙwas, a fasa mata. Ragowar kuma maƙwabciya ta aiko a ba ta.

Ran nan ƙarfe ya yanki jikana a dunduniya. Na zaunar da shi a bakin garke, na fasa kafso na barbaɗa, na ɗaure da tsumma. Ya yi dariya, wai Kaka ta mai da shi bunsuru. Ƙafa ta kumbura, na ƙara. Ta fara wari, na ƙara. Sai da zazzaɓi ya hana shi gane ni muka nemi taksi zuwa asibiti.

Aka yi allura, ba ta ci ba. Aka canza wata, ba ta ci ba. Da aka ce sai an yanke ƙafar, na riƙe rigar lokotoro, wato likita, ina kuka, na ce a yanke tawa a bar tasa. Wata Buzuwa ta mayar mini da maganar lokotoron da Hausa. Wai ƙwayoyin cuta suna ba juna dabarar tsere wa magani, ko ba danginsu ɗaya ba, yadda muke ba juna tsamin nono ta kan katanga. Wadda ta karɓa tana iya ɗaure wa dabarar baki ta ajiye shiru, sai ranar buƙata ta kwance. Wai mai yiwuwa daga garke suka koyo. Na ce to ai ni ce malamarsu.

Ran jikana ya tsira, ƙafar ce ba ta dawo gida da mu ba. Mai hawa bene da bulo a ka, yau ni nake miƙa masa buta.

Ƴaƴana, na gane abin da ido bai gani shi ma yana koyo, kuma yana koya wa na kusa da shi. Kada ku fasa kafso a ciwo ko a ruwan dabba sai likita ya ce. Har yau Kaka yake ce mini, bai taɓa ɗora mini laifi ba. Takalminsa na hagu yana ƙarƙashin gadona, na kasa yar da shi.