Waƙar Bature a Ɗakin Takaba

Da mijina ya rasu, a Kurfi na yi takaba, a gidan mahaifiyarsa da muke kira Inna. Shi kaɗai ne ɗanta namiji, amma tun da aka kai shi makwanci ban ga hawayenta ba. Kowa ya ce mata ya haƙuri, sai ta ce da godiya, ta koma ga carbinta. Abinci kuwa ta bari, sai ɗan kunu.

A makarantar da nake koyarwa a Dutsin-Ma akwai wata malamar Turanci, Kirista daga Kudu, ta girme ni sosai. Madam kowa ke ce mata. Ita ma ta rasa miji tun da jimawa. Ran Asabar takan shigo motar haya ta zo ta zauna da ni a kan tabarma, ba ta cika magana ba.

Wata Asabar ta zo da tsohon littafin waƙoƙin Ingila da muke koyar da 'yan aji shida.

"Ni ban iya ba da haƙuri ba, ƙanwata," in ji ta. "Bari dai in karanta miki wani abu."

Ta soma a hankali. Inna na bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, sai ta tsaya.

"Ke ɗiyata, mi take cewa?"

Na ce, "Inna, waƙa ce ta wani Bature da ya mutu tun zamanin kakanni. Ɗansa ya rasu. Yana cewa ya so yaron har son ya yi yawa."

"To, sai mi?"

Madam na karantawa, ina mayarwa da Hausa. Mutumin ya yi wa Ubangiji kuka, ya ce ya kasa gane hikimar abin. Can gaba ya ce yaron ya huta da wahalar duniya, shi uban ne aka bari a ɗaure.

"Ya dangana daga ƙarshe?" Inna ta tambaya.

"Ya dangana, Inna. Amma sai da ya yi kuka."

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. "Wannan bawan Allah ya binne ɗa," ta ce. Ta yi kuka irin wanda ban taɓa jin tsohuwa ta yi ba, Madam ta matsa ta riƙe ta. Da la'asar Inna ta ce a dama mata fura.

Na fita takaba na koma aiki. Da Madam ta yi ritaya za ta koma garinsu, Inna ta ce lalle sai an kai ta wurinta su yi sallama. Da ciwon ƙafarta muka shiga mota har Dutsin-Ma, ta rungume tsarabar daddawa da garin kuka. Sun zauna rabin yini, Hausar Madam guntu-guntu, Inna ba Turanci. Da za su rabu ta ce, "Allah ya sada mu da alheri, baiwar Allah." Madam ta ce amin.