Hoton Gwaggo a Wasiƙar Mako

Damina ta ɗauke mana lokacin da hatsi ke shirin fitar da kai, da rani kuma sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Gwamnatin da suka kifar ba ta yarda a ce akwai yunwa ba. Su da suka zo suka ce a faɗa, duniya ta ji. Wannan izini ne ya buɗe wa ɗan baffana kasuwa.

Ya dawo Matameye daga Yamai ba takardar gama karatu, ba sana'a, sai Faransanci mai santsi da ƴar kyamara. Ni lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko. Kusa da tasha akwai wani shago da ake biya a shiga intanet, nan ya mayar ofishinsa. Duk mako sai ya rubuta wasiƙa ta imel, ya aika wa Turawan ƙungiyoyin agaji da ƴan garinmu mazauna ƙasashen waje. Yakan faɗi yadda tiyar hatsi ta tashi, da matan da ke bi ta Ɗan Barto zuwa Kano da goyo a baya, da shanun da suka faɗi a hanya.

Da farko kyauta yake aikawa. Da ya ga sun saba, sai ya fara yanke labari a tsakiya, mai son jin ƙarshe ya biya kuɗin wata, a turo masa ta banki a Damagaram. Shi da bakinsa ya bayyana mini dabarar, muna zaune wurin mai nama, yana tsotsar yatsu. Ya ce hoton mushen saniya ba ya kawo sabon mai biya, an gaji da shi. Hoton yaro ya fi, amma tsohuwa mai kamala da ta faɗa wahala ta fi duka. Haka yake magana, kamar dillali a kasuwar dabbobi. Kafin zafi ya kai tsakiya ya sayi babur da takalmi mai tsinin baki. Na lura bai taɓa rubuta ko kalma guda kan sojoji ba. Jarumtarsa ta tsaya ne kan mutanen da ba su iya karatu.

Gwaggonmu, ƙanwar iyayenmu maza, tana zaune a wani ƙauye wajen Yauri, nan kusa da Matameye. Mace ce da ba ta taɓa roƙon kowa ko gishiri ba. Rumbunta ya ƙare kamar na kowa, amma ta hana a gaya wa ɗanta da ke aikin tashar jiragen ruwa a Kwatano. Duk sa'ad da ya yi waya sai ta ce masa lafiya lau, har da saura. A bayan ɗaki take jiƙa anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da ake ci in abinci ya ƙare, don kada maƙwabta su gani.

Ɗan baffan nawa ya je gaishe ta, hannu biyu babu ko goro. Ta ji daɗin zuwan ɗan yayanta, ta shimfiɗa masa tabarma, ta dama masa fura da ɗan garin da take ɓoyo saboda baƙo. Ya sha. Da ta koma bayan ɗaki tana sauya wa anza ruwa, ya bi ta ya ɗauki hoto, ya ce na tunawa ne. A wasiƙar makon nan ya sa hoton a sama, ya rubuta cewa ga tsohuwa da ƴaƴanta suka gudu suka bari, tana cin abin da akuya ke ƙi. Bai ce gwaggonsa ce ba. Kuma ya manta, ko bai damu ba, cewa ɗanta na cikin masu biyansa duk wata.

Ɗan gwaggon, wanda muke kira Yaya, ya taso daga Kwatano, ya sauka gidana da ƙurar hanya a jikinsa, ya ce in raka shi shagon. Muka tarar da marubucin yana danna na'ura da yatsa biyu. Na ɗauka za a yi dambe. Yaya bai ko ɗaga murya ba.

“Ka sha furarta kafin ka ɗauki hoton, ko bayan?”

Shi kuwa ya gyara zama ya ce, “Yaya, ka duba da kyau. Da ban rubuta ba, da ka san halin da take ciki?”

Abin haushin shi ne akwai gaskiya a ciki, kuma ya san da haka, shi ya sa yake murmushi. Yaya ya dube shi ya juya. Muka sayi hatsi muka ɗora a amalanke zuwa ƙauye.

Gwaggo ta ga buhuna, ta ga ɗanta ba sanarwa, ta gane an tona ta. Da aka gaya mata cewa har Turawa sun ga hotonta a bayan ɗaki, tambaya ɗaya ta yi: ko kanta da ɗankwali. Aka ce babu. Ta shiga ɗaki. Har aka yi shuka ba ta je kasuwa ba, ba ta je suna ba, hatsin ma rabinsa ta raba wa maƙwabta da ta daina haɗa ido da su.

Ƴan garinmu na waje suka ji labari, da yawa suka janye daga biyan kuɗin wasiƙar. Marubucin bai girgiza ba, don Turawa sun yi ta tura wa juna wasiƙar, masu biya suka ƙaru. Abin da ya girgiza shi ruwan sama ne. Damina ta zo da albarka, gonaki suka yi duhu, kowa na hamdala, shi yana yawo a babur yana neman inda shuka ta ƙone. Na gan shi da idona ran da aka yi ruwan da ya cika tafkin bayan gari, tsaye a ƙofar shago, fuska a murtuke kamar wanda aka yi wa sata.

Da kaka ta yi, wasiƙar ta mutu, amma ta riga ta yi masa aiki. Wata ƙungiya ta ɗauke shi a Yamai a matsayin masanin yunwa. Yanzu Alhaji ake ce masa, kuma ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace. Ranar da gwaggo ta rasu, ya aiko direbansa da buhun shinkafa. Yaya ya sa aka mayar da shi cikin motar kafin a ɗauki gawa.