Matsefin Malam Halliru

Malam Halliru, Allah ya jiƙansa, ya shekara goma sha ɗaya yana koyar da fiziks a wata sakandare a Tsafe. Mutum ne siriri mai yawan dariya, aljihun rigarsa ba ya rabuwa da garin alli. Ranakun Asabar yakan hau mota zuwa Gusau don karatun digirinsa na biyu.

Abin da yake bincike a kai ido ba ya ganinsa. Wani ɗan zare ne da ake ƙerawa, wanda silin gashi ya fi shi kauri sau ɗaruruwa. In aka taɓa shi da lantarki kaɗan, sai ya yi ta kaɗawa da sauti guda. In aka ƙara masa lantarkin, sai sautin ya rarrabu, ya fito a na'ura layi-layi a tsaye, tazararsu daidai, kamar haƙoran matsefi. Masana ma da sunan matsefi suke kiransa. Halliru bai taɓa riƙe zaren ba. Wasu ne suke aunawa a ƙasar waje su turo masa, shi kuma ya yi lissafi a tsohuwar kwamfutarsa.

Mahaifiyarsa, Inna Ladidi, mai kitso ce a Bungudu. Ranar da ta tambaye shi abin da yake karantawa, ya ce mata matsefi. Kafin sati ya zagayo, duk matan da suka zo kitso sun ji cewa ɗanta zai buɗe kamfanin matsefi.

"Yaushe za ka kawo man nawa?" takan ce. "Ko sai na mutu?"

Yakan yi dariya ya wuce. Amma da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ya dawo gida jinya, abin ya fara damunsa. Ba ya so ya tafi Inna ba ta san abin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kai ba. Ya gwada mata da tsirkiyar gurmi, ta ce ashe maroƙi ya zama. Ya gwada da zaren ɗinki, ta ƙwace abinta.

Wata hantsi ya sa ƙanwarsa Hafsat ta bugo masa zanen layukan matsefin a takarda. Ya miƙa wa Inna, tana zaune kusa da shi a kan tabarma. Ta ɗaga takardar a haske, ta bi layukan da farce ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsaga kai.

"Wanga ne matsefin?"

"Shi ne, Inna."

"To, ba ya da kyau. Nan ya buɗe da yawa. Da ni aka kawo ma shi kasuwa, ba ni saye."

"Inna, na'ura ce fa ta zana."

"Na'ura ta taɓa kitso? Shekara arba'in ina raba gashi. Duba tsakanin na shida da na bakwai."

Ya jawo kwamfutar kan cinyarsa. Bai daɗe ba ya gano: wata lamba ce ya shigar a juye tun watanni uku da suka wuce, kuma daga shi har malaminsa ba wanda ya lura. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, Hafsat ta kawo ruwa.

"Me ya sa dole haƙoran su zama daidai?" Inna ta tambaya, tana shafa masa baya.

Tambayar da yake jira ke nan. Ya soma bayani a hankali, yana hutawa, ita kuma tana tare shi da wata tambayar. Mata biyu da suka zo kitso ta ce su dawo gobe. Har aka kira azahar uwa da ɗa suna kan tabarmar nan.

Ya rasu bayan sati bakwai, bai kammala digirin ba. Amma ranar nan Inna ta tashi daga tabarmar ta san aikin ɗanta, shi ma ya ga ta sani.