Na Goge Sunan Mai Aikin, Na Sa Nawa

A lokacin ni mai gadi ne a wani rukunin gidaje a Al Wukair, shekarata huɗu a Doha, ba abin da nake so kamar in bar bakin ƙofa. Ranakun hutu ina koyon rubuta manhaja a wata tsohuwar kwamfuta. Da na ga kullum sai mun yi rigima kan wa zai tsaya safe, wa zai tsaya rana, sai na ce bari in haɗa manhajar da za ta raba mana aiki.

Gaskiya ba ni na gina ta daga tushe ba. A intanet na samu aikin wani bawan Allah da ya sake shi kyauta, da sharaɗi biyu: duk mai raba wa wasu ya bar sunansa da takardar lasisin a ciki, kuma ya buɗe gyaran da ya yi kowa ya gani. Wallahi na karanta. Amma na ce ai abin da aka ba ka naka ne, na goge sunansa na sa nawa. Abokin aikina, ɗan zangon Kumasi, ya ce min wannan kamar rijiyar unguwa ce, kowa ya ɗiba amma ba mai kewaye ta da katanga. Na ce hassada ke cin sa.

Manajanmu ya yaba, ya ɗauke ni daga ƙofa ya ba ni kujera a ofishin Mesaimeer. Na kira mahaifiyata na ce ɗanta ya zama injiniya. Da aka tashi raba manhajar ga wasu kamfanonin gadi, masanin kwamfuta na ɗayansu ya leƙa cikinta ya gane asalinta, ya sanar da manajanmu. Manaja ya tambaye ni ko duk aikina ne, na ce ƙwarai. Sai ya juyo min da kwamfutarsa, ga aikin mutumin layi bayan layi. Khalas, shi ke nan. Ya ce maganar lasisi a yini ɗaya za a gyara, ƙaryar ce ba zai iya zama da ita ba, ya kore ni daga ofishin.

Na mayar da sunan, na buɗe gyarana, na rubuta wa mutumin ina neman afuwa. Ya amsa cewa ba komai, har ya yaba gyaran. Wannan ya fi korar ƙona min rai.

Yau na koma bakin ƙofa, kuma har yanzu na kasa faɗa wa mahaifiyata. 'Yan'uwa masu koyon wannan sana'a, don Allah ku cika sharaɗin lasisi kafin ku raba. Mutumin nan ko riyal ɗaya bai nema ba. Sunansa kawai ya ce a bari, shi ma na hana shi.