Zunubin Mama

Ranar Lahadin da na fara karɓar Jibi, wato gurasa mai tsarki ta coci, ina aji huɗu a firamare, damina ta yi tsakiya, cocinmu na Katolika a Karu ya cika har bakin taga. An sa mini farar riga mai ƙaiƙayi da takalmin aro da ya matse mini yatsu. Fada, limamin cocin, ya ɗora mini 'yar farar gurasar nan a harshe, ta manne mini a ganɗa, ba gishiri ba zaƙi. Na juyo ina neman idon Mama. Duk 'yan bencinsu sun tashi sun bi layi, ita kaɗai ke zaune, ta karkatar da gwiwoyinta gefe don su samu hanyar wucewa.

Haka take yi kowace Lahadi, kuma kowa ya san dalili. Tun a ƙauye Baba ya taɓa yin aure a coci, matar ta tattara kayanta ta tafi, ba a sake jin ɗuriyarta ba. Daga baya ya auri Mama auren gargajiya, suka zo Abuja, ya kama tuƙin mota a tashar Utako. A wurin coci kuwa wancan auren bai mutu ba, don haka Mama zaman zunubi take yi, ba ta da rabo a Jibi. Amma tana da rabo a wanki. Ita ke wanke zannuwan bagadi, teburin ibada na gaban coci, duk Asabar. Ni ke jido ruwa, ni ke dama sitaci, ƙanena yana hura gawayin dutsen guga har idonsa ya yi ja. Ba mu isa mu fita 'yar carafke da yaran gidan haya ba sai zannuwan sun bushe, don kada akuyar maƙwabta ta goga musu jiki. Hannun da bai cancanci karɓar gurasa ba, shi ke goge ƙyallen da ake ɗora ta a kai, kuma ban taɓa jin wani mai tsarki ya yi ƙorafi ba.

Katikis ɗinmu, mai koya mana addini da yamma, gajeren mutum ne mai son jin muryarsa. Yana da amsar kowace tambaya tun kafin a gama yin ta. Na taɓa tambayarsa yaushe Mama za ta karɓa, ya dungure mini kai ya ce, "Dokar Allah ba ta da son kai." Matan coci kuwa, masu ɗaurin ɗankwali kamar za su tashi sama, sukan dawo daga layi ido a lumshe, su raɓa ta gefenta suna tattare zani. Da an tashi su ne masu kiran ta da sunana suna cewa, "Maman Sisiliya, a taimaka a share wajen nan." Ita kuma ta ɗauki tsintsiya tana murmushi, abin da ya fi komai ƙona mini rai.

Ina sakandare Baba ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Muna zaman makoki katikis ya zo, ya zauna a tabarma, ya shanye kofin kunu, ya goge baki. Sai ya matso kusa da Mama, fuskarsa har da annuri, ya ce, "Madam, ki yi haƙuri, amma ki ga aikin Ubangiji. Yanzu kin zama firi. Ki je wajen Fada ki furta zunubinki, ran Lahadi ki karɓa." Ina riƙe da tiren kofuna na tsaya ina kallonsa. Wato duk shekarun nan abin da Allahnsu yake jira ke nan: numfashin Baba ya tsaya. Kuma zunubin da za ta durƙusa ta furta shi ne mutumin da ya ciyar da mu, wanda ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

Ta je. Ta furta. Ran Lahadi ta shiga layi da baƙin zani tana hawaye, matan coci na rera waƙa kamar sun ci yaƙi. Ni ce na zauna. Ban yi gardama da kowa ba, ban karanta wani babban littafi ba. Na dai duba inda aka ce Allah yake, na ga katikis da dokokinsa, bayansu babu kowa. Tun daga ranar ban sake yin addu'a ba, ban kuma ji wani abu ya ragu a jikina ba.

Yanzu Karu ta cika da benaye, cocin ya samu fanka da tayil, wanki ma inji ke yi. Duk Lahadi ni ke kai Mama a mota, in jira ta a gindin bishiya. Takan fito fuska a sake, ta ce tana roƙa mini shiriya, in ce na gode, don ba zan ƙwace mata abin da ta daɗe tana jira ba. Wani lokaci nakan yi kewar yarinyar nan da ta yarda akwai mai ji a sama. Amma na fi kewar Baba, wanda aka yafe wa Mama zama da shi.