Mma Asiatu da Ruwan da Ya Ƙi Kumfa

A Zangon Yendi, in ka ga mutum ranar Juma'a yana tafiya yana buɗe kafaɗa, rigarsa fara tas har tana ɗaukar ido, ba sai ka tambaya ba, Mma Asiatu ce ta wanke ta. Haifaffiyar Salaga ce, aure ya kawo ta Yendi. Mijin ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, Fatawu, da sana'ar wanki da guga, wadda ta riƙe sama da shekara talatin. Gajeriya ce, amma muryarta ta fi ta tsawo. Ni da nake koyarwa a firamare, kuma gidanmu na jikin nata, ta sha wanke ni tas a kan tawadar biro a aljihu.

Shekarar da ruwan pampo ya yi wuya aka haƙa mana bohol. Mun yi murna, ruwa garau, ga shi kusa. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Sabulu ba ya kumfa a cikinsa, ka goga ka goga sai wani farin datti ya taso sama. Butocin shayi suka yi ɓawo a ciki. Fararen riguna suka fara komawa ruwan toka, suna tauri kamar buhu. Mma ta ƙara sabulu, ta ƙara bula, har rubutu ta karɓo ta zuba a bahon wanki. Ruwan bai ma san ana yi ba.

Masu kawo wanki suka fara janyewa ɗaya bayan ɗaya. Labari ya kai wa Fatawu a Kumasi, inda yake tuƙin mota, ya bugo waya.

"Mma, aikin nan ya mutu kuraa, ya mutu murus. Bayan babbar Sallah zan zo in ɗauke ki. Ki zo ki huta."

Yaron kirki ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma da ta ajiye wayar sai ta ce mini, "Malam, wa ya san ni a Kumasi? Kaya zan zama a ɗaki." Ranar ce na fara jin muryarta ta yi ƙasa, kuma wallahi ta ba ni tausayi.

Wata rana za ta dafa wake da shinkafa, ta jiƙa kanwa a ƙwarya da ruwan bohol. Ruwan ya yi fari kamar an ɗiga masa nono. Baƙi suka zo, ta manta da ƙwaryar. Da ta dawo, farin ya kwanta a ƙasa, saman ya washe. Ta tsiyayi na saman ta wanke hannu da sabulu, sai ga kumfa. Ihun da ta yi, na fito da gudu ba takalmi, na zaci gobara ce.

Sai dai Mma ba ta iya jira ba. A lokacin mutum ɗaya ne bai guje ta ba, Alhaji Garuba, falken shanu daga Bawku da ke yada zango a Yendi duk mako biyu. Ta ɗauki babbar rigarsa ta tsoma a baho, ta watsa jar kanwa a kai, da yashinta da komai. Farin da ya kamata ya kwanta a ƙasa sai ya kwanta a jikin rigar, jan kuma ya bar mata tabo. Alhaji ya ɗaga rigar ya juya ta.

"Mma, riga na ba ki ko tsumman goge babur?"

Ta karɓi rigar ta ninke. Shi kuwa ya yi dariya, ya buɗe jaka ya miƙo mata wata.

Daga nan ta koyi haƙuri, tana tsaki tana koya. Farar kanwa take saya yanzu. Ta narkar da ita a ruwan zafi, ta tace da ƙyalle, ta zuba ludayi biyu a durom cike da ruwan bohol, ta motsa da sanda, ta rufe. Sai washegari ta ɗebi na sama a hankali, ba a girgiza durom, ba a kai kwano ƙasa. Mutala, wani ɗan unguwa mai kula da injin tausasa ruwa a wata masana'antar man kaɗanya, ya zo ya duba. Ya ce dutse ne narkakke a cikin ruwan, kanwa ke sauko da shi, kuma kada kowa ya sha. Ya ƙara da cewa injinsu da gishiri yake aiki, nan take yake gamawa.

"Injin naku yana guga?" in ji Mma.

Juma'a biyu aka yi da rigar Alhaji fara tas a sahun gaba, masu wanki suka fara dawowa, kowa da uzurinsa. Matan unguwa kuma suka riƙa zuwa koyo, tana koya musu kyauta, faɗa ne kawai ladan.

Bayan Sallah Fatawu ya iso, har da igiyoyin ɗaure kaya. Ya tarar da durom biyar a jere, shanya ta cika tsakar gida, sai ka sunkuya kake wucewa. Ya tsaya ya rasa ta inda zai fara. Mma ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa ke maka wanki a Kumasi? Cire rigar nan."

Ya cire. Ya zauna a benci da singileti yana kallon uwarsa tana cuɗa, kumfa har gwiwar hannu, tana mita. Na ga ya share ido sau biyu. Bai ɗaga maganar tafiya ba, ita ma ba ta ɗaga ba. Washegari ya kama hanyar Kumasi shi kaɗai, sanye da rigar, an goge ta har da kari.