Ƙwan Da Ya Rage A Ƙarƙashin Kaza

Ban yi magana ba sai da na shekara biyar. Mutanen gidanmu na haya a unguwar Biafra, cikin Treichville, Bebiya suke ce mini. Babana ya riga ya haƙura da ni. Kakata Iya Delu ce kawai ba ta taɓa kirana da wannan suna ba.

Ɗakuna goma sha biyu ne a gidan, famfo ɗaya. Da an idar da magariba Iya takan jawo murhun gawayinta bakin ƙofa, ta ɗora ɗanyar masara. Yaran gida duk su taru, har 'ya'yan Jula da na Baule da Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Sai ta fifita wutar da murfin tukunya ta ce, "Na zo da ita daga nesa. Wa zai sauke mini?" Yara su amsa, "Mu ne!"

Tana da wata ɗabi'a. Ba ta ƙarasa tatsuniya da bakinta. Idan labari ya zo inda ya fi daɗi sai ta tsaya, ta miƙa wa yaro ɗaya murfin tukunyar. Wanda ya karɓa shi zai faɗi abin da ya biyo baya. Ba ta gyara wa kowa.

Wata rana ta ba mu labarin tsohuwar da ta tsinci ƙwan zabuwa a daji, ta sa wa kazarta cikin nata, yadda ake yi a garinsu. Mako uku 'yan tsaki suka fito. Ƙwai ɗaya ya rage, ko motsi. Zakara ya ce ya ruɓe, a ture shi. Agwagwa ta ce a wajensu cikin ruwa ake jefawa a gani. Tantabara ta ce a fasa shi da baki a taimaka wa na ciki. Ga 'yan tsaki suna kukan yunwa, ga shaho yana kewaya sama.

Iya ta tsaya. Ta tsallake hannuwa bakwai, ta ajiye murfin a cinyata.

Wani yaro ya ce, "Iya, Bebiya fa kika ba!"

Ta ce, "Kai da bakinka kamar rediyo, me ka taɓa faɗa? Yi mana shiru."

Aka yi shiru. Masara ta ƙone, ba ta juya ta ba. Babata ta leƙo sau biyu. Ni dai ina ganin kazar nan, ina jin za ta miƙe. Sai na ji murya ta ce, "Kar ta tashi." Tawa ce.

Iya ba ta yi guɗa ba. Ta karɓi murfinta ta ce, "To, ba ta tashi ba. Ku je ku wanke ƙafa."

Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Shekara talatin ina soya kifi a tashar jirgin ruwa ta Treichville. Na binne miji da 'ya'ya biyu. Ba na kuka a gaban mutane, kuma ban iya doguwar magana ba har yau.

Bara aka sa jikata Nana a ajin ƙananan yara a Adjamé. Shekararta huɗu, ba ta cewa komai. Malamarsu ta kira ubanta, ɗana Salisu, ta ce harsuna ne suka yi wa yarinyar yawa, a bar mata Faransanci kaɗai. Ƙanwarsa da ke aure a Turai ta bugo waya ta ce can yara wasa suke yi har su shekara shida, amma a kai ta wajen likitan magana. Alhajin Kano da Salisu ke yi wa fiton kaya ya ce a garinsu sa'arta ta haddace surori, sakaci ne kawai. Kowa da yadda ake yi a wajensu.

Salisu ya zo ya tsuguna. "Inna, ki yi haƙuri. Za ta daina zuwa nan tukuna. Madam ta ce Hausar ce ke rikita ta."

Na ce, "Ba ni ita kwana bakwai. In ba ta yi ba, ka tafi da abarka."

Na sayi gawayi, ga gas a ɗaki. Na tara yaran gida, na ba su labarin kazar, na ajiye murfi a cinyar Nana. Shiru. Washegari ma haka. Kwana biyar murfin nan yana cinyarta, yara suna tsaki suna watsewa. Na fara tunanin ko malamar ce ke da gaskiya, ni ce ke cutar yarinya.

Rana ta shida ruwan sama ya hana mu fita. Ban kunna wuta ba. Ina gyaran kifi sai na ji an taɓa mini gwiwa. Nana ce, riƙe da murfin.

Ta ce, "Meme, kaza fa?" Haka yaran nan ke kiran kaka da Faransanci.

Na ce, "Tana nan."

Ta ce, "Ta zauna. Il fait froid." Wai ƙwan zai ji sanyi.

Na shiga banɗaki na rufe ƙofa na daɗe.

Har yanzu maganarta kaɗan ce. Salisu ya kai ta wajen likitan, ban hana ba. Yana kawo mini ita kowace Asabar.

Kafin Iya ta rasu na tambaye ta abin da ya fito daga ƙwan nan. Ta ce ita ma ba ta sani ba, a kaina ta ƙirƙiri labarin, kuma ba ta da tabbacin zan taɓa magana. A lokacin ban yarda ba, ina ganin ta san ƙarshen ne shi ya sa ta iya jira. Sai da na riƙe Nana kwana shidan nan na gane ba ta san komai ba. Zama kawai ta yi, masararta tana ƙonewa.